Ni Ce Na Rufe Dashen Turare

Da a ce na fito daga bayan danga ranar nan na ce ni ce, da zai hau dutsen nan kuwa? Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar maigidana, a irin wannan wata na sanyi, kuma babu shekarar da ban yi wa kaina wannan tambaya ba. Na san ajali ba ya wuce ranarsa. Malamai sun faɗa, na kuma yarda. Amma ajali yana da sanadi, kuma sanadin ne yake hana ni sakewa.

Ban iya rubutu ba. 'Yata Rabi, wadda take koyarwa a firamare a Tudun Wada, ita ce ke riƙe da biro, ni ina faɗa. Ta ce mutane sukan aika wa jarida 'yan kalmomi don tunawa da nasu, mu ma mu yi wa babanta. Tana tsammanin zan ce mutumin kirki ne, a yi masa addu'a, shi ke nan. To, mutumin kirki ne, a yi masa addu'a. Amma akwai abin da ita ma ba ta sani ba, kuma yau za ta ji shi tare da ku. Na sa ta yi mini alkawarin ba za ta ajiye biro ba sai na gama.

Ba zan faɗi sunansa ba, ban taɓa faɗa ba yana raye. A ƙauyenmu da ke gindin duwatsun Doguwa, Mai Turare ake ce masa, saboda bishiyar turare, doguwar nan mai sulɓin jiki wadda in an murza ganyenta ake jin ƙamshi kamar man zafi. Tun yana saurayi yake rainon dashenta a cikin 'yan baƙaƙen ledoji, da farko a wajen Bebeji, daga baya ya dawo gida ya kafa nasa wurin a bayan gidanmu. Ni daga Yako aka kawo ni. Kwanan farko da na yi a garin nan na ɗauka ruwa aka zuba wa tabarma. Sanyin nan ba irin namu na can ba ne, daga dutse yake saukowa ya kwanta a kwari. Shi ne ya ɗauke mini ɗan fari yana wata huɗu, ƙirjinsa yana ƙara kamar ana jan zarto. Tun daga lokacin ba na iya ganin ƙaramin abu a fili in sanyi ya sauko. Ɗan akuya, 'yan tsaki, irin tattasai, duk sai na rufe. Malam yakan yi mini tsiya ya ce, "Ladi, in aka ƙyale ki, har turmi sai kin sa wa riga."

Wata shekara bayan girbi wata mata ta zo daga jami'a, da mota da direba. Dakta ake ce mata, amma ba likitar mutane ba ce, bishiyoyi take karanta. Ba ta kai shekarun Rabi na yanzu ba. Ta shigo ta gaishe ni har ƙasa, ta sha kununa ta ƙara. Sannan suka zauna da Malam a bayan gida, ni ina tankaɗe ina tsintar kalma ɗaya in rasa biyu.

Abin da zan faɗa yanzu daga baya na gane shi. Da na gane shi a lokacin, da babu wannan rubutu. Wai a jikin kowane mai rai akwai ƙwayoyin gado, abin da ya sa ɗa yake kama da ubansa, gero kuma yake haifar gero. Ba duka suke aiki lokaci ɗaya ba. Wasu barci suke yi har sai wani abu ya tashe su. A ganyen turare, sanyi yana tada wasu. Dakta tana so ta san waɗanne ne suke tashi, don a iya zaɓen irin da zai jure wurare masu sanyi. Hanyar sani kuwa ita ce a raba dashe gida biyu. A sa rabinsu cikin rumfar leda inda akwai ɗumi, a bar sauran a fili su sha sanyi, sannan a gwada ganyen waɗannan da na waɗancan a ga bambanci.

Aikin Malam shi ne kullum bayan sallar asuba, kafin rana ta taɓa ganye, ya tsinki ganye uku daga kowane tsiro da ɗan hantsaki, ya sa a 'yar kwalba mai lamba, ya jefa cikin wani tulun ƙarfe mai fitar da hayaƙi. Ruwan da ke cikin tulun ya fi ƙanƙara sanyi. Ya ce in yatsa ya taɓa shi sai ya ƙone kamar an sa a wuta. Ya ce ganye da an tsinke shi yakan canza magana, wato ƙwayoyin da suka tashi su sauya, shi ya sa ake daskarar da shi nan take. Duk mako direba yakan kawo wani tulu ya tafi da wancan. Na ji tsoron tulun nan. Na ce kada a kuskura a ajiye mini shi kusa da madafa.

Kwana shida da farawa na leƙa bayan gida, sai na ga na fili sun yi ja kamar an sa musu lalle, bakin ganyen yana naɗewa. Na rumfa kuwa kore shar. Na ce, "Malam, na wajen nan mutuwa suke yi fa." Ya ce, "Ƙyale su, aikinsu suke yi," ya ɗauki buta yana dariya. Na ɗauka sakacin maza ne. Abin da na sani tun tasowata shi ne, duk wanda aka ba kiwo dabba ta mutu a hannunsa, shi ake kallo. Na ɗauka leda ce ta ƙare musu shi ya sa rumfar ta tsaya a rabi. Na hango Dakta ta dawo ta tarar da rabin dashenta a bushe, ta ce Mai Turare bai iya aikinsa ba.

Da magariba ya tafi masallaci, kuma ba ya dawowa sai an yi isha, in ya dawo kuma ba ya zagayawa baya. Na ɗauko tsofaffin zana biyu, da buhuna, da wani tsohon zanina shuɗi, na kafa sanduna na rufe na filin tsaf. Da asuba yana fita masallaci na kwashe na ɓoye a bayan rumbu. Haka na yi ta yi sama da wata guda, ban tsallake rana ko ɗaya ba. A tsakiyar dashen akwai wani ɗan abu rataye a sanda, bai fi akwatin ashana ba. Na ɗauka laya ce irin ta 'yan boko. Shi ma na riƙa rufe shi da kyau.

Sababbin ganye suka fito kore. Malam yana sosa kai yana cewa, "Bana sanyin nan ba shi da ƙarfi ke nan?" Na ce, "Allah ne ya taimake ka." Har nafila na yi ta godiya. Rabi, rubuta wannan ma, kada ki tsallake shi.

Da bazara Dakta ta dawo, amma ba da fuskar da ta zo da ita a farko ba. Suka zauna da Malam a tabarma a bayan gida, direba yana tsaye jikin mota. Na damo fura na nufo ƙofar danga, sai na ji muryarta, na tsaya.

"Baba, sau uku na auna ganyen nan. Na fili da na rumfa maganarsu ɗaya. Kamar ba su taɓa jin sanyi ba."

Ya ce, "Ikon Allah."

"Ba shi ke nan ba, Baba. Ɗan akwatin nan da na rataya, sanyin kowace sa'a yake rubutawa. Kwana shida na farko ya rubuta sanyi. Daga nan kullum da magariba sai ɗumi, da asuba sanyi ya dawo. Wani yana rufe su."

Taku uku ne tsakanina da su. Na ji muryar Dakta ta karye. Ta ce shekara guda ta tafi a banza, kuma manyanta ba za su yi ta jiran ta ba. Ta ce, "An ce mini kada in bar aikin nan a hannun wanda bai yi boko ba. Na ce ni na yarda da kai."

Malam ya ce, "Ni aka ba amana. Duk abin da ya same su, ni ne."

"Kai ka rufe su?"

"Ki rubuta ni ne."

Na juya na koma madafa da furar. Wannan ita ce ranar da nake nufi. In kun tambaye ni tsoron me na ji, ba duka ba ne, bai taɓa ɗaga mini hannu ba. Tsoron idon yarinyar nan na ji, wadda ta durƙusa ta gaishe ni. Na kuma ji tsoron direba, don na san kafin motarsa ta kai titi gari ya ɗauka cewa matar Mai Turare tana ɗaura wa bishiya zani.

Labarin ya bazu ɗin, amma da sunansa. A majalisa sai ka ji an ce, "Mai Turare, yau ka sa musu hula kuwa?" Shi ma sai ya taya su dariya. Mutumin da ya shekara arba'in ana zuwa tun daga Dangora neman shawararsa a kan dashe, ya koma abin zolaya. A gida bai canza mini fuska ba ko sau ɗaya. Wannan ya fi faɗa ciwo.

Ya roƙi Dakta ta ba shi dama ta biyu, ta yarda, ina jin don ba ta da wani. Da sanyi ya kusa dawowa ya ce bana a kan dutse za a yi, can ya fi sanyi. Ya yi ta jigilar dashe da jaki har ya gama, ya kafa rumfar leda, ya kafa wa kansa bukka a gefe. Ya ce can zai zauna har a gama kwanakin, babu wanda zai taɓa su. Lokacin da ya faɗi haka igiyar jaki yake ɗaurewa, bai dube ni ba. Ya haura sittin da biyar a lokacin. Abin da ya kamata in ce kalma kaɗan ce: Malam, ni ce, ba zan ƙara ba, bar su a bayan gida. Bakina ya buɗe. Sai na shiga ɗaki na ɗauko masa bargo biyu.

Kullum da hantsi nakan hau in kai masa abinci. Ba ya hura wuta kusa, wai kada ɗumin ya kai ga dashen. In zai ji wuta sai ya gangara can ƙasa, ya ɗan jima ya komo. Ganyen na fili suka yi ja kamar bara, shi kuwa murna kamar an yi masa haihuwa. "Kin gani, Ladi? Yanzu suke magana." A kan dutsen nan ne ya zaunar da ni ya bayyana mini duk abin da na faɗa muku a baya, sannu a hankali, yana nuna mini ganye ɗaya bayan ɗaya. Jan nan ba mutuwa ba ce, in ji shi, shiri ne bishiya take yi wa kanta. Kowace kalma tana shiga jikina kamar ƙaya. Na ce, "Ikon Allah," na tattara kwanuka na sauko.

A mako na huɗu tari ya fara. Na ce ya sauko ko na kwana biyu ne. Ya ce saura kwana tara. Na kai masa citta da kanumfari da zuma. Ya ce saura biyar. Ranar da ya rage uku na tarar da shi zaune kusa da tulun ƙarfe, ya gama aikin safiyar, ya rufe tulun, amma ya kasa miƙewa. Da na matsa kusa na ji ƙarar nan a ƙirjinsa, irin wadda na ji shekara arba'in da suka wuce a ƙirjin jaririna. Da rarrafe na kai bakin dutse na yi ihu. Maza suka sauko da shi a kan ƙyaure. Allah ya sa ranar zuwan direba ce, shi ya kai mu asibiti a Tudun Wada. Kwana uku ya yi a can, Allah ya karɓi abinsa.

Dakta da kanta ta hau dutse ta tsinki ganyen kwanakin da suka rage. Ta zo ta'aziyya ta zauna kusa da ni tana kuka. Ta ce bana ganyen sun yi kyau, bambanci ya fito fili. Ta ce, "Inna, Baba ya gyara kuskurensa." Na ce, "Allah ya ji ƙansa." Karo na uku ke nan da aka buɗe mini ƙofa na ƙi shiga.

Da aka gama aikin an dasa bishiyoyin a kan dutsen. Yau sun fi hasumiyar masallacinmu tsawo, daga ƙofar ɗakina nake hango su. Masu gini sun sare wasu don rufi, sun sake tohowa. Mata suna tsinkar ganyen su yi wa yara sirace in mura ta kama su. Nakan ce da zai dawo yau, me zai ce? Na san zai yi faɗa da masu dasa turare kusa da rijiya, don kullum yana cewa bishiyar nan ta fi raƙumi shan ruwa. Zai yi mamakin samarin da ke sayar da dashe ta waya, mai saye yana Kiru bai ko taɓa ganyen ba. Zai ce sanyin ma ya daina cika alkawari, wata shekara ya makara, wata shekara ya faɗo gaba ɗaya. Abin da ban sani ba shi ne me zai ce da wannan rubutu. Wataƙila ya ce, "Ladi, wa ya aike ki?"

To ga wanda ya aike ni. Watan jiya Dakta ta kira wayar Rabi. Yanzu ta zama babba, tana da ɗalibai da yawa. Ta ce kafin sanyin bana ya wuce za ta zo da su su tsinki ganyen manyan bishiyoyin, kuma tana so ta gaishe ni. Sai ta ƙara da abin da ya hana ni cin abinci tun ranar. Ta ce duk shekara tana ba sababbin ɗalibanta labarin wani dattijo mai tausayi da ya rufe dashe ya ɓata aikin shekara guda, don su san tausayi ma yana iya ɓata bincike. Da kyakkyawar niyya take faɗa, na sani. Amma ashe shekara goma sha ɗaya ana karantar da laifina da sunansa, a gaban yaran da ba su taɓa ganin fuskarsa ba.

Ina jin tsoron zuwanta. Ina jin tsoron ta sake durƙusawa ta gaishe ni, bakina ya sake mutuwa. Na fi jin tsoron kada in riga ta tafiya, don bana ni ma ƙirjina ya fara nauyi da safe. Malamai sun ce abin da ke tsakaninka da Allah, Allah yana yafewa in ya so, amma haƙƙin mutum sai mai shi ya yafe. Shekara guda ta rayuwar yarinyar nan tana wuyana, da hawayen da ta yi a bayan gidanmu. In aka kwantar da ni aka juya baya aka tafi, aka tambaye ni, ba ni da dangar da zan laɓe a bayanta. Ina kuma jin tsoron wannan da ke zaune gabana. Tun da na ambaci zana ba ta ɗago kai ba, kuma ina ganin takardar tana jiƙewa. Rubuta, Rabi, an kusa gamawa. In kin gama ki faɗa mini duk abin da ke ranki, zan ji.

Dakta, in wannan ya iso gare ki kafin ki taso, to ki sani ni ce. Ni na rufe su, da zana biyu da buhuna da zanina. Bai rufe ko ganye ɗaya ba, bai kuma yi sakaci ko na safiya ɗaya ba. Ki ci gaba da ba ɗalibanki labarin, amma ki gyara shi. Ki ce wata tsohuwa ce da ba a yi wa bayani ba, ita kuma ba ta tambaya ba. Ki ce mai gadin dashen ya ɗauki abin da bai aikata ba, ya hau dutse da shi. In kin zo, ki yafe mini in za ki iya. In ba za ki iya ba, ki faɗa mini a fuskata, zai fi mini wannan jiran.

Bai bar gona mai yawa ba, bai bar shanu ba. Bishiyoyin dutse ya bari, da abin da Dakta ta gano a ganyensu wanda ni ba zan taɓa iya karantawa ba, da suna wanda na bari ya yi datti. Bishiyoyin ba sa bukatata. Sunan ne kaɗai zan iya wankewa kafin in bi shi.

Nasa haƙƙin kuwa, shi da kansa ya sauke mini, kuma wannan ne ya sa tambayata ta ƙi mutuwa. Don in ya sani, to ya kai su dutse ne don kada ya hana ni da bakinsa ya kunyata ni, kuma kalma ɗaya daga gare ni da ta isa ta tsayar da shi. Ko kuwa da zai hau ko na faɗa? Ban sani ba.

Rana ta uku a asibiti, bayan azahar, rana tana shigowa ta taga amma jikinsa yana rawa. Ina tsaye da bargo a hannu na kasa shimfiɗa masa. Tun ranar furar nan nake ganin duk abin da hannuna ya rufe lalacewa yake yi. Na sunkuya na ce, "Malam, akwai wata magana." Ya ɗaga yatsa ya tsayar da ni. Sai da ya huta sau biyu kafin ya gama faɗa.

"Ladi, na tsinci zaren shuɗin zaninki a jikin sanda tun ranar da Dakta ta dawo da bazara. Tun ranar na yafe." Ya dubi bargon, ya dube ni, gefen bakinsa ya motsa irin yadda yake yi in zai yi tsiya. "To me kike jira? Rufe ni mana. Ni ba turare ba ne."